Yadda Za Ka Ƙera wa Garinku Asalin Suna Idan Masu Tele Sun Zo

Kai da sunan garinku ke ba ka kunya, matso kusa. Matakai shida ne kacal, kuma na yi maka alkawari: in ka bi su daki-daki, sai an ga fuskarka a tele, wato talabijin, daga nan har Yamai. An gwada an gani. Maina na Karkawaiga, wani ƙauye tsakanin Magariya da Dungas, ya bi su a kakar 1979, lokacin da masu tele ke yawo gari-gari suna haɗa shirin nan na mako-mako mai tono sirrin sunayen garuruwa. Ya yi nasara har ta yi masa yawa.

1. Fara binne gaskiya

Kowane gari yana da asalin sunansa na gaskiya, kuma yawanci ba ya faɗuwa gaban baƙo. Ga na su Maina. Kakansa Dogo, wanda ya sari garin, ya hau gawo yana kaɗo wa awaki 'ya'ya. Da zai diro, reshe ya riƙe wandonsa, shi ya iso ƙasa, wando bai iso ba. Haka ya biyo abokin tafiyarsa a baya, daga shi sai 'yar taguwa, yana ta roƙo: "Kar ka waiga! Don Allah kar ka waiga!"

Wannan ba labarin tele ba ne. Haƙa rami ka tura shi.

2. Nemo aljana

Masana sun tabbatar cewa garin da babu aljani a tarihinsa zango ne kawai. Kada ka ɗauko zaki, kowane ƙauye ya riga ya kashe nasa.

Maina ya yi yini uku a inuwar rumbu yana saƙa da warwara, ya tashi da aljana guda, fara, mai gashi har ƙasa, a tafkin yamma da gari. Tana kiran matafiyi da muryar uwarsa. Wanda ya waiga, wuyansa ya ƙage a haka har ya mutu. Dogo kaɗai ya wuce bai waiga ba, sai ta sallama masa wurin.

3. Kawar da tsohuwar da ta sani

A kowane gari akwai ta. Ta su Maina ita ce Gwaggo Ɗela, ƙanwar ubansa, wadda ta ga Dogo da idonta.

"Wace aljana?" in ji ta. "A tafkin nan na yi wanki shekara sittin, ko kwaɗon kirki babu."

"Gwaggo, ai don darajar gida ne."

"Darajar gida a kan gawo ta rataya, ɗan nan."

Kada ka yi gardama da irinta. Maina ya tuna mata an yi haihuwa a Mallawa, ya ɗora ta a kan jaki da ƙwaryar gero ta barka, ya ce kada ta yi gaggawar dawowa.

4. Gaban kamera, yi kamar ba ka so

Ranar da motar masu tele ta tsaya, sa babbar riga, amma kada ka saki baki da wuri. Labarin da aka roƙa ya fi nauyi.

Shugaban tawagar, wani siriri mai tabarau, Mushe Alkasim, wato Malam a bakin masu Faransanci, ya tambaya, "Baba, mene ne sirrin wannan suna?"

Maina ya dubi ƙasa. Ya dubi tafki. Ya ce, "Abin ba ya son ambato." Sai da aka roƙe shi sau uku ya buɗe baki, yana magana ƙasa-ƙasa, har mai riƙe da makirfo ya durƙusa.

In da hali, kawo shaida. Akwai wani maƙwabcin Maina da buhun gyaɗa ya sanƙarar wa wuya tun bara. Aka zaunar da shi a gefe, aka ce kada ya ce komai. Mushe Alkasim ya dube shi, ya matsa nesa da tafki.

5. Sha yabo da sauri, ba ya jimawa

An nuna shirin a Magariya bayan sallar magariba, a gidan samariya, mutane har kan katanga. An sa wa tafkin wani kiɗa mai tsayar da gashi. Mata suka rufe wa goyo ido. Da aka tashi, Maina ya gaisa da mutum ya fi ɗari, ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Kasuwar da ta biyo, masu nono ba su zo ba, don hanyarsu ta bakin tafki ce. Direban da ke ɗaukar gyaɗa ya tsaya nesa da gari yana danna oda, ya ce a kawo masa a ka. Sannan saƙo ya zo daga Dungas. Alhaji Wada, wanda ɗansa Hudu zai auri Saratu 'yar Maina bayan sati biyu, ya ce babu matar gidansa da za ta bi ta tafkin nan ɗaukar amarya.

Saratu ta ajiye wa ubanta tuwo, ba ta tashi ba.

"Baba, shekara biyu muna jiran ranar nan, ni da Hudu. Ku kuka kawo aljanar nan, ku za ku mayar da ita."

Tuwon nan bai ciwu ba.

6. In ta ɓaci, je ka da ƙafarka

Kada ka aika, ɗan aike ƙari zai yi. Maina ya tafi Dungas, ya tarar da zauren Alhaji Wada cike da dattawa. Aka gaisa, aka tambayi gida da amfanin gona, gaisuwa ta ƙare, babu sauran wurin ɓuya.

"Alhaji, babu aljana," in ji shi, gumi na bin gemunsa. "Ni na ƙera ta." Ya kwashe labarin gawo da wando ya faɗa, bai rage ko zare ba.

Alhaji Wada ya gyara zama, ya ɓare goro, ya miƙa masa rabi.

"Malam Maina, mun sani. So muke mu ji daga bakinka, tunda a tele ba mu ji ba. Abokin tafiyar nan da Dogo ke roƙo, kakana ne."

Maina ya ɗago kai.

"Kuma ya waiga," in ji Alhaji.

Dattawa suka kwashe da dariya har wani ya ƙware. Maina ya daure, ya daure, shi ma ta kufce masa. Aka ɗaura aure ranar da aka sa, matan Dungas suka bi ta bakin tafki da guɗa, suna waige-waige da gangan.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu shawara ya bayar, bai riƙe hannun kowa ba. In kasuwarku ta watse, ko surukai suka juya, ko gwaggonka ta dawo daga barka ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarka, kada ka nufo ƙofata. In kuwa wata rana ka bi ta bakin tafkinku ka ji ana kiranka da muryar uwarka, amsa mata. Uwarka ce, ta ji abin da ka faɗa a tele.