Ɗan Fada ko Ɗan Layi

A wani gari da ake kira Sai-Godiya, inda ɓarayi ba sa haura katanga saboda an daɗe da sace katangun, akwai wani tela mai suna Ilu da matarsa Tasalla. Dukiyarsu awaki ne da 'yan kaji. Ranar da aka sace musu bunsuru da rana tsaka, Tasalla ta ce sai an sayi kare.

Sayen kare a Sai-Godiya ba ya ba da wahala. Mai Gari da Majalisar Gyaɗa Kai sun hana kiwon kowane kare sai iri biyu, don kada zaɓi ya yi wa talaka yawa ya rikice. Akwai Ɗan Fada, ƙato mai sheƙin gashi, wanda ba ya haushi don kada ya tayar da manya daga barci. Akwai kuma Ɗan Layi, siriri, haƙarƙari a waje, mai haushi har murya ta dushe. Duka biyun mutum ɗaya ke sayarwa a Kasuwar Ba-Ragi, wato Jatau, Sarkin Karnuka, wanda shi ne kuma shugaban Hukumar Karɓar Koke kan Karnuka.

Tasalla ta yi wa Jatau bayanin gidansu: ƙarami ne, ga yara, kuma ba ta son abin da zai kusanci randa ko tabarmar salla. Kare take so mai cin ƙanzo, mai tashe su idan ɓarawo ya shigo. Amma Ilu idonsa na kan Ɗan Fada. Ya ce gidan da aka gani da irin wannan kare, ko maƙwabta sai sun canza gaisuwa. Shi aka saya.

Ɗan Fada ya shinshina ƙanzo, ya kau da kai. Da Ilu ya koma ya tambaya, Jatau ya ce irin wannan sai nama, kuma barin sa da yunwa laifi ne a dokar gari. Aka yanka akuya. Da ta ƙare aka yanka wata. Kafin damina ta wuce, turke ya zama wayam, karen kuwa ya koma kwana a inuwar randa.

Majalisa ta aiko da maroƙi har ƙofar gida, ya yi shelar cewa tun zuwan Ɗan Fada ba a sake satar akuya ko ɗaya a gidan Ilu ba. Maƙwabta suka zo barka.

Tasalla ta yafa mayafi, ta ja karen da kanta zuwa kasuwa, ta musanyo Ɗan Layi. Ya shigo da haushi. Ya yi wa turke haushi, ya yi wa kwanon karen da ya gada haushi, har Ilu ya ce ga kare mai kishin gida. Sai karen ya gano akurkin kaji. Kullum kaza ta ragu, haushin ya ragu. Gashinsa ya fara sheƙi, haƙarƙarin ya ɓace, wata safiya aka same shi shiru a inuwar randa.

Miji da mata suka tafi Hukumar Koke. Jatau ya sauya hula, ya zauna ya saurare su da natsuwa.

"Ranka ya daɗe, wannan ai ya koma irin na farko," in ji Ilu.

"Ba komawa ya yi ba, malam. Ƙoshi ya yi. Ɗan Layi in ya ƙoshi shi ne Ɗan Fada."

"To shi wancan da na dawo da shi?" Tasalla ta tambaya.

Jatau ya nuna bayan rumfa. Can wani ramammen kare yake ta haushi, jama'a sun yi layi suna yaba gaskiyarsa.

Tasalla ta ce su sun haƙura da kare gaba ɗaya. Jatau ya ce Majalisa ta riga ta haramta zaman gida babu kare, saboda tsaro. Sannan ya tambayi abin da ya rage musu, don ya san wanda zai dace da su.

"Babu awaki, babu kaji," in ji ta. "Daga mu sai yara."

Jatau ya duba karnukansa.

"Yaran nawa ne?"