Manoman Fagge

Allah ya yi mana baiwa a Fagge da ya ba mu Alhaji Hambali. Ya je Dubai sau uku, China sau ɗaya. Ƙauyenmu Garin Dauya ne kawai bai samu zuwa ba, don hanyar tana ɓata masa takalmi. Duk da haka shi ne shugaban Ƙungiyar Manoman Garin Dauya, mu kuma muka zaɓe shi ranar da ya raba atamfa. 'Yan kasuwar Kwari suna ce masa Sarkin Noman Bene.

Sai labari ya zo cewa wata ƙungiya ta Turai za ta ba matan karkara injin niƙa, amma sai jami'arta ta gan su suna aiki. Matan ƙauye har yau sai sun ɗauki hatsi a ka zuwa garin gaba. Alhaji kuwa ya riga ya auna inda injin zai zauna a garejinsa.

Ya tara mu, tsofaffi goma sha biyu 'yan asalin garin, waɗanda rabonmu da turmi tun kafin mu aurar da 'ya'ya.

"Masana sun ce duniya ta zama ƙauye ɗaya," in ji shi. "Ashe Fagge ma ƙauye ce. Ku cire gwal, ku ajiye takalma."

Muka cire. An ce za a ba mu shinkafa da kaza.

Jami'ar ta iso, sunanta Ujunwa, haifaffiyar Sabon Gari. Alhaji ya yi mata Turanci na rabin awa a kan haɗin kai, har gumi ya jiƙa masa hula.

"Sannu da ƙoƙari, Alhaji," ta ce da Hausa tsantsa. "Iyayena, a yi mana lugude mu gani."

Aka jawo turmi sabo fil. Ta leƙa ciki, sai ga shinkafa 'yar waje fara tas. Alhaji ya ce ai gero ya tsufa.

Hajja Mahbuba, wadda kullum take cika mana baki da 'yan matancinta, ta cilla taɓarya sama ta tafa. Kafin taɓaryar ta dawo, bayanta ya riƙe. Taɓarya ta sauka a babban yatsan shugaba. Mu da muka zo taimako muka tsaya neman tabarau ɗinmu.

Ujunwa ta jira ihun ya lafa. "Ba komai, Alhaji. Zan kai injin ƙauyen da kaina. Ta ina ake bi?"

Alhaji ya nuna gabas, yana tsaye da ƙafa ɗaya. Hajja Mahbuba ta ce arewa. Wata ta ce in an ga tsamiya a karya kwana, wata ta ce an sare ta tun mulkin soja. Muka kaure da gardama, kowa na rantsuwa da kabarin kakarta.

Yarinyar ta latsa wayarta sau biyu, ta juyo mana da ita.

"Ga hanyar gidanku nan, Inna. In tura muku?"