Kanti Ya Riga Ni Ba da Haƙuri

Jama'a, kwaɗayin wani yankan kifi da bai kai ɗan yatsa ba ya kusa raba ni da abin da ya fi komai yi mini daɗi tun da na ajiye tuƙin bas, wato fitar da nake yi duk Asabar da jikata Koharu. Masu cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ba su yi ƙarya ba, sai dai ba su gaya mana cewa wahalar tana iya biyo mutum har gida sanye da baƙar kwat ba.

Gida ɗaya muke da ɗana da matarsa Natsuki, su a sama, ni da uwargidana Fumie a ƙasa. Kowace Asabar Natsuki takan damƙa mini yarinyar, 'yar shekara huɗu, mu je mu sha iska. Watan jiya na dawo da ita takalminta ɗaya sharkaf da ruwan tafkin lambu. Surukar tawa ba ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne. Cewa kawai ta yi, cikin muryar nan tata mai sanyi, "Baba, an ce akwai ajin koyon ninkaya ranar Asabar, kuma har yanzu da gurbi." Duk wanda ya taɓa zama da suruka ya san wannan ba labarin ninkaya ba ne. Gargaɗi ne: in aka ƙara, Asabar ta tafi.

To, Asabar ɗin da ta wuce muka shiga babban kantin nan na kusa da tashar jirgin ƙasa. A can ciki wata mata tana gasa kifi, tana yanka shi ƙanana, tana tsira wa tsinke don masu wucewa su ɗanɗana. Na ɗauki ɗaya, na yi godiya. Muka zagaya wajen kayan miya, sai na cire hulata na cusa a aljihu don kada ta gane ni, na sake dawowa. Ina miƙa hannu ke nan na ji "gum!" sannan na ji kukan da ko cikin yara dubu zan gane shi. Ashe Koharu ta saki gefen rigata ta ruga, ta yi karo da kusurwar kantar jera kaya.

Wani ɗan ƙululu ne ya fito mata a goshi, bai fi ƙwayar wake ba. Amma kafin in ce uffan ma'aikatan kanti sun yi mana caa. Wannan ya kawo ƙanƙara, waccan ta manna filasta, wani kuma ba abin da yake yi sai rusunawa. Ɗayarsu ta tambayi sunana da inda muke zaune, ni kuma da yake a ruɗe nake, na faɗa mata har da kalar ƙofarmu.

A hanya hankalina ya dawo. Na saya wa Koharu askirim, na ɓare filastar, na gyara gashin nan da ya sauko mata a goshi ya rufe wurin tsaf.

Na ce, "Koharu, wannan sirrinmu ne, kin ji?"

Ta ce, "Kaka, mene ne sirri?"

Na ce, "Wani abu ne da ake sha da askirim."

Da yamma na tarar da maƙwabcina Shimoda yana aske shingen gidansa da hannun hagu, don na daman har yau bai koma daidai ba. Bara ne ya yi tuntuɓe da wani murfin kwalbati da ya ɗaga baki a kan hanyar masu tafiya da ƙafa, ya karye a wuyan hannu. Na ba shi labarina ƙasa-ƙasa, na ce ai magana ta wuce.

Ya yi dariya har almakashin ya kusa suɓuce masa. "Kuwabara-san, ka ba su adireshi? To shirya shayi. Gobe suna hanya."

Na ce, "Haba, a kan ƙwayar wake?"

Ya ce, "Kanti ne fa, ba hukuma ba. Ni da na karye a kan hanyar masu girma, wa ka ga ya zo?"

A nan dole in kare masu girma, don Shimoda bai yi musu adalci ba. Sun zo mana. Da farko sun aiko aka dasa jar roba mai tsini a kan murfin. Bayan wani lokaci suka kawo allo mai hoton wani ma'aikaci sanye da hular kwano, ya rusuna har ƙasa yana ba jama'a haƙuri. Wannan bawan fenti yana nan a sunkuye cikin ruwa da dusar ƙanƙara, bai taɓa ɗagowa ya ce bayansa ya gaji ba, kuma a duk ma'aikatan garin nan shi kaɗai na sani da ba ya tashi daga aiki ƙarfe biyar. Sannan Mai Girma Uban Alkawari ya kafa kwamitin da zai binciko ko murfin na masu kula da hanya ne ko na masu kula da ruwa. Ana cikin binciken ne Mai Girma Gwanin Yanke Ƙyalle ya ƙaddamar mana da sabuwar alamar gari, wani ƙaton mutum-mutumin albasa mai idanu da murmushi, wai don ya jawo mana baƙi. Baƙin kuwa in sun zo ganin albasa, ta kan murfin nan za su bi. Lokacin zaɓe ma ba su manta da mu ba. Motarsu mai lasifika ta wuce ta gefen murfin, wata mata tana ɗaga mana farar safar hannu tana cewa lafiyarmu ce gaba da komai.

Duk da haka na kwana ina ganin kantuna suna wuce gona da iri. Yaro ya bugu, an sa masa filasta, me ya rage? Ina amfanin bin mutane gida ana tayar da zaune tsaye? Har na fara tsara yadda zan rubuta muku wannan ra'ayi, cikin kishin talaka.

Lahadi da hantsi aka danna ƙararrawa. Kafin in laluɓo silifas ɗina, Natsuki ta riga ta buɗe ƙofa. Wani mutum ne mai furfura jefi-jefi, cikin baƙar kwat, riƙe da kwalin alewar wake an naɗe shi da takarda mai kyau. Ya ce sunansa Ogaki, shi ne manajan kantin, ya zo duba jikin ƙaramar baƙuwarsu ta jiya. Ya rusuna, ya daɗe bai ɗago ba.

Natsuki ta rusuna ita ma, ta ce, "Mu ne muka ɗora muku wahala."

Ya ƙara yin ƙasa. "A'a, sakacinmu ne."

Ta ƙara yin ƙasa. "Yarinyar ce ba ta jin magana."

Haka suka yi ta yi, kowa yana satar kallon ɗan'uwansa don kada ya riga shi ɗagowa, ni kuwa ina tsaye a baya ina fatan ƙasa ta tsage. Fumie ta matso ta raɗa mini, "Maigida, wace yarinya ce ta ji ciwo?" Na ce mata ta yi shiru, ana magana.

Ogaki-san ya ce sun riga sun lulluɓe kusurwar kantar da soso, ita da duk 'yan'uwanta. Da ya tsaya a nan, da na sa masa albarka. Amma mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya kashe ni.

Ya ce, "Mun duba kyamara, mun ga laifin namu ne gaba ɗaya. Bai kamata mu ajiye teburin ɗanɗano a inda mai kula da yaro ba zai iya hangen yaron ba. Musamman idan ya dawo karo na biyu."

Fumie ta ce, "Na biyu?"

Ogaki-san ya dubi ƙasa, irin dubin mutumin da ya ga batun hula amma tarbiyya ta hana shi faɗa. Sai ya juyo gare ni ya rusuna, ya ce ya ji daɗi da kifin ya yi mini, kuma har ƙarshen wata suna da shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ban taɓa ganin wanda aka tone da ladabi irin nawa ba.

Da ya tafi, Natsuki ta ajiye kwalin a kan tebur, ta durƙusa a gefe. Na fara kame-kame, ina cewa abin ba wani abu ba ne, ban so in tayar mata da hankali ba.

Ta ce, "Baba, tun jiya da na yi mata wanka na gani. Na tambaye ta, ta ce mini sirri ne da ake sha da askirim."

Fumie ta toshe baki da hannun riga.

Natsuki ta ci gaba, "Ba ƙululun ne ya dame ni ba, yara suna faɗuwa. Jira na yi in ga wa zai fara gaya mini, ku ko kanti."

Jama'a, maganar nan ta shige ni. Kunya ta kama ni irin wadda rabona da ita tun ina ɗan makaranta. Ni da nake cika muku kunne kullum da masu girman da ke ɓoye ɓarna a bayan allo, ga ni na ɓoye tawa a bayan gashin jikata. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutumin da bai haɗa komai da Koharu ba ya bar hutun Lahadinsa ya zo ya tambayi jikinta, kakanta kuwa toshiyar baki ya ba ta. Na dafa gwiwa na rusuna wa surukata, bayana yana ƙara, na ce na yi kuskure. Ta ce ba komai, ta haye sama. "Ba komai" ɗin nan kuwa ita ta fi komai tsorata ni.

Duk makon ba wanda ya ambaci Asabar. Ran Laraba na hangi wata 'yar rigar ninkaya a shanye a sama, abinci ya ƙi shiga. Shimoda da ya ji yadda aka yi, cewa ya yi a tsayar da Ogaki-san takarar shugabancin gari. Na ce ya rufa wa bawan Allahn nan asiri, in ya hau kujera ba zai yi wata guda ba zai koyi kafa kwamiti. A bar mana shi a kanti, mu san akwai wuri ɗaya da ake buguwa a zo a tambaye ka ya jiki. Ra'ayin nan nawa na cewa kantuna su daina bin mutane gida kuwa, na janye shi, ko da yake zan so a riƙa yi wa kakanni waya tukuna.

Yau Asabar da safe na zauna a bakin ƙofa ina ɗaura takalmi a hankali, kamar mai zuwa wani wuri, alhali ba ni da wurin zuwa. Sai na ji ƙananan ƙafafu suna saukowa daga bene. Natsuki ta miƙo mini wani ƙunshin ganyen shayi, ta ce tukuicin alewar ne, mu kai wa manaja mu yi godiya. Ninkayar, in ji ta, an samu gurbin Laraba. Sannan ta tsuguna a gaban Koharu ta gyara mata wuyan riga.

Ta ce, "Ki riƙe hannun Kaka gam. Kada ki sake shi, kin san halinsa."

Koharu ta ɗaure fuska ta ce, "To, Mama." Ta cusa ɗan hannunta cikin nawa ta matse, har sai da na juya kai na yi kamar wani abu ya faɗa mini a ido.

Saboda haka in kun ga wani tsoho a titin tasha, wata 'yar mitsitsiyar yarinya tana janye da shi, ku ɗaga masa hannu daga nesa kawai. Ba girman kai ne ya hana shi tsayawa ku gaisa ba, shugabarsa ce ba ta ba shi izini ba.