Bindiga Mai Madubi

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta Haladu ba zai bar ni ba. Haladu taubashina ne, ɗan gwaggona, kuma tun muna yara Allah Ya jarrabe ni da ƙyashinsa. In ya ɗinka riga sai in ga tawa ta koɗe nan take.

A shekarar da abin ya faru, gyazbi, ƙaton ɓeran dajin nan mai cin rake, ya addabi gonakin rakenmu a fadamar Gubuchi. Ni ina fama da tarko, Haladu kuwa kusan kullum sai ya shigo gari da nama a ɗaure bayan babur. Amma ba naman ya fi ci mini rai ba. Bindigar da yake saɓowa wurin biki da taron maharba ce ta hana ni sakat: doguwar adaka, gindinta ya sha ƙusoshin tagulla, ga tuntayen jan fata suna lilo. Har matata ta taɓa cewa bindigar Haladu kamar amarya take. Tuwon ranar bai yi mini daɗi ba.

Na ƙudura sai na mallaki wadda ta fi ta. Matsalar ɗaya ce, abin da ke hannuna bai taka kara ya karya ba, kuɗin mazarƙwailar da na sayar ne da na ɗan akuya guda. Na ɗauka na nufi wurin Baba Audu, tsohon maƙerin da maharban yankinmu suka yarda da aikinsa. Ya saurare ni, ya shiga ciki ya fito da wata gajeriyar aba baƙa ƙirin, gindinta kamar taɓarya.

"Wannan ce daidai aljihunka," in ji shi, "kuma har jikanka zai gaje ta. Ɗaga ka ji nauyin ƙarfen."

Na ɗaga, na ji nauyi, na kuma ji baƙin ciki. Na ce, "Baba, babu wadda ta ɗan fi wannan fasali?"

"Ɗana, zomo ba ya duba fasali."

Na ce zan je in yi shawara. (Shawarar da zuciyata kaɗai na yi, ita kuwa ba ta ganin kowa sai Haladu.)

Ran kasuwar Makarfi wani baƙon mutum ya ja ni bayan rumfuna ya warware wani buhu. Jama'a, sai da na haɗiye yawu. Bindiga ce sai sheƙi take, ƙusoshinta sun ninka na Haladu, ga wani ɗan madubi zagayayye an manna a gindinta. Na ɗaga na ji ta shafal, ya ce ai ƙirar zamani ce, ba ta gajiyar da kafaɗa. Kuɗinta bai ma kai na Baba Audu ba, har na samu rarar sayen sabuwar hula. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ni kuwa na dubi tawa arahar ta sha ado, na ce ashe magabata ma sukan yi kuskure.

To, a wajenmu sabuwar bindiga ba ta shiga daji sai Sarkin Baka, shugaban maharba, ya gwada ta. Akan ɗura ta, a ɗaure ta a jikin itace, a sa wa kunamarta doguwar igiya, kowa ya ja baya, sannan mai ita ya fizga. Ran buɗe farauta maharba suka taru a gindin wata tsamiya, har daga Taba da Kurmin Kogi. Na iso a makare da gangan, hula a karkace, madubi yana ɗaukar ido.

Haladu ya dube ni ya ce, "Taubashi, aure ka ƙaro ba ka gayyace mu ba?"

Wallahi ban taɓa jin daɗin magana irin wannan ba.

Sarkin Baka ya karɓi bindigar ya jinjina ta, ya ƙwanƙwasa bakinta da farce yana saurare. Fuskarsa ba ta yi mini daɗi ba.

"Ina ka samo ta?"

"Daga nesa, ranka ya daɗe."

"A ɗaure ta."

Nan ne na ƙara wa kaina kunya. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Ranka ya daɗe, igiya za ta goge mata ado. A bar ni in buga ta a kafaɗata, jama'a su ji muryarta."

Sarkin Baka ya ce, "Kafaɗar nan ba taka ce kai kaɗai ba, akwai masu cin tuwo da ita. A ɗaure ta."

Aka ɗaure. Na riƙe igiya, na saci kallon Haladu don kada in rasa yadda fuskarsa za ta yi, na fizga. Ƙara ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, karnuka suka watse. Da hayaƙin ya washe sai ga bakin bindigata ya dare gida uku kamar raken da aka tsaga, gindin ya yi nasa wuri, ƙusoshin tagulla sun warwatsu cikin ciyawa. Wani ya tsinci guntun ƙarfen ya juya shi, ya ce ai bututun famfo ne aka shafa wa fenti.

Dariya ba ta ɓarke nan take ba. Haladu ya sunkuya ya ɗauko madubin, ko tsagewa bai yi ba, ya miƙo mini.

"Ungo, duba fuskarka, ka gode wa Allah tana nan."

Na dubi jikin tsamiyar. Inda gindin bindigar ya jingina, ɓawon ya ɗaye har farin itace ya fito, daidai inda kumatuna zai kasance. Na zauna a ƙasa da sabuwar hulata.

Ban gama farfaɗowa ba na ga Haladu ya naɗe amaryarsa a zane ya ba da ajiya, ya zaro wata daga buhun da ke bayan babur. Gajeriya ce, baƙa ƙirin, gindi kamar taɓarya.

Na ce, "Wannan fa?"

"Ta Baba Audu ce, ita ke kawo nama. Waccan ta biki ce kawai. Tun kakanmu yana da rai rabonta da tashi."

Wato shekara biyu ina kwana da ƙyashin bindigar da ko ɓera ba ta iya kashewa. A ranin nan da sanda na yi farauta, cikin masu koro nama tare da karnuka, kuma har yau in na wuce majalisa sai wani ya ce ga Mai Madubi. Madubin yana wurin matata, da shi take sa kwalli.

Da shekara ta zagayo na koma wurin Baba Audu, kaina a ƙasa, na sayi taɓaryar. Yanzu ko fartanya zan saya sai na ɗaga na ji nauyinta, ba na fara tambayar wace iri maƙwabci yake da ita. Na dai buga wa bindigar ƙusoshin tagulla uku a gindi, cikin waɗanda na tsinto a ciyawa. Ta Haladu ba ta da ko ɗaya.