Yadda Ake Burge Surukai da Kyamarar Fim

Ga ta nan, ga ta nanku. Ban ji an amsa ba, to na amsa muku, ta zo mu ji ta.

Kai mai neman aure da ba ka da sana'ar nunawa, matso kusa. In ka bi matakan nan, surukanka ba za su taɓa mantawa da kai ba, wannan na lamunce maka. Jikana Tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Gilashin da ya ja masa sunan ba na magani ba ne, na gayu ne. Yarinyar da yake so tana karatun jinya, ubanta na kiranta Likita tun kafin ta iya riƙe allura. Uban mai kantin takalma ne, kuma ya rantse ba zai ba ɗan zaman banza 'yarsa ba.

Mataki na 1: Samo kyamarar da ta girme ka

Je wurin masu kayan gwanjo ka zaɓi mai nauyi, wadda igiyarta ke warin tsohuwar jaka. Rataya ta a wuya ko shago za ka je sayen sabulu. Mutum mai abu a wuya ba a tambayarsa aikin me yake yi.

Mataki na 2: Yi wa littafin hotuna sharhi

Sayi babban littafin hotuna, baƙi da fari. Daɗinsa ba karatu a ciki. Ka tafi da shi falon surukai, ka buɗe a hankali, ka tsaya kan shafi ɗaya kana girgiza kai. Hoton da ya yi dishi-dishi, ka ce da gangan ne. Wanda ya yi duhu, ka ce mai ɗaukar yana cikin damuwa.

Tabarau ya tsaya kan hoton wata kujera. Mai kanti ya leƙo ya ce, "Ina mai kujerar?"

"Ai Baba, rashinsa aka ɗauka."

"Kuma aka sayar maka?"

Kada irin wannan ta karya maka gwiwa. Ya dai yi maka magana, ci gaba ne.

Mataki na 3: Raina waya

Duk wanda ya ce "mu gani", ka yi masa murmushin tausayi, ka ce fim ba a ganinsa sai an wanke. Hoton waya kuwa, ka ce na masu gaggawa ne. Tabarau ya yi ta faɗin haka har mai kanti ya gaji, ya ce, "To ranar da za a yaye su Likita kai ne mai hoto. In na ga aiki, ka turo manyanka."

Mataki na 4: Sa fim, kada ka tambayi kowa

Gwani ba ya tambaya. Cusa fim, rufe murfi, shi ke nan. Wai akwai wasu haƙora a ciki da ya kamata bakin fim ɗin ya kama kafin ya fara naɗuwa. Wannan magana ce ta masu son wahala.

Mataki na 5: Mallake filin

Ranar bikin ka hana kowa ɗaga waya, ka ce tana raba hankalin idanu. Jera dangi cikin rana, dogaye a baya, Likita a tsakiya da rigar haya da hula mai tuntu. Durƙusa, hau benci, kwanta rub da ciki a ƙasa. Ko Gwaggonta ta ce ƙafa ta yi tsami, ka ce, "Saura ɗaya, Gwaggo, ɗan saki fuska."

Fim hoto talatin da shida yake ci. In ka ga ɗan hannun da ake ja don naɗe fim yana tafiya sakayau, lambar ƙirga hotuna ta ƙure amma kyamara ba ta cije ba, ci gaba da dannawa. Tabarau cewa ya yi fim ɗin mai albarka ne.

Mataki na 6: Karɓi sakamako a tsaye

Mai wankin hoto ya ɗaga fim ɗin a fitila, fari fat tun daga kai har wutsiya. Ya ce, "Bai kama ba, ɗan'uwa. Iska ka yi ta ɗauka."

An riga an mayar da rigar haya, dangi sun watse. Tabarau ya shiga falo yana sosa ƙeya, Likita ta juya masa baya. Sai Gwaggo ta zaro wayarta daga jaka ta ce, "Ni dai na saci guda ɗaya, don ban yarda da kai ba." A hoton, ga Tabarau shame-shame a ƙasa, wando ya yage, dangi kuwa daga gwiwa zuwa ƙasa kawai suka fito.

Mai kanti ya daɗe yana kallo, yana ƙirga takalman da suka fito daga kantinsa. Can ya ce, "Wanda ya tsayar da dangina cikin rana da kyamara fanko, har ni ina yi masa murmushi, zai iya sayar wa mutum takalmin da ya matse shi. Gobe ka zo kanti. In ka yi shekara ba ka gudu ba, ka turo manyan."

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan aka kore shi, ko wandonsa ya yage, ko budurwa ta daina ɗaukar wayarsa, babu ruwana, kada a aiko min kowa. Ni ko riƙe kyamara ban iya ba.

Tabarau yana kanti yana gwada wa mutane takalma. Likita ta aure shi, amma duk faɗan da suka yi, da maganar hoton yayenta take rufewa. Gwaggo ce mai hoton dangi yanzu, kuma har yau ba ta taɓa ɗaukar kan kowa ba.