Rasuwar Dattijuwa, A-kori-kurar Gidan Alhaji Bappa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da kuma sallamawa ga hukuncin Allah, Malam Maikano Bappa na Kangire yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Birnin Kudu da Gwaram rasuwar a-kori-kurar gidansu, wadda kowa ya sani da Dattijuwa. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, a wata gangara kan hanyar Gwaram, tana ɗauke da riɗi.

Marigayiyar ta shigo gidan tun zamanin mahaifinsu, Alhaji Bappa, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado, an raba gonaki, an raba shanu, amma ita aka bar ta tsakanin Malam Maikano da ƙanensa Ismail, domin tsohon ya roƙi haka kafin ya cika. Tun da kowa ya ware tukunyarsa, ita kaɗai ce take sa su zauna kan tabarma ɗaya.

An shaide ta da haƙuri. Ta kai taki gona, ta dawo da dawa. Ta kwashi kayan amare, ta kai masu naƙuda asibiti, ta raka gawa makabarta, ba ta taɓa tambayar ko ɗan gidan wane ne ba. Da safe takan yi tari, kur-kur-kur, gaf, sannan ta tashi. In an yi mata lodi sai bayanta ya durƙusa kamar mai gaida suruka, ta riƙa cewa ƙii, ƙii a kowane rami, amma sai ta kai.

Kada kowa ya ce tsufa ne ya kashe ta. Magani ne ya kashe ta, kuma ba ta da ciwon da ya wuce robobin ƙarƙashinta da suka cinye. Direbobin tasha ne suka riƙa tsokanar Ismail, suna cewa ga tsohuwarsu ta zo gaisuwa, shi kuma ya ɗauki dariyar banza ya sa a ransa. Malam Maikano ya ce a sake robobin a ƙyale ta. Ya tafi ta'aziyya Wurno, kafin ya dawo Ismail ya kai ta wurin mai walda. Aka kwance ƙarafuna biyun nan da ke riƙe ƙafafunta na baya da jikinta, aka ɗauko masu kauri daga gawar wata babbar mota, aka liƙe su da wuta ƙam, don kada ta sake durƙusa wa kowa. Duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin mota ya san an yi ƙarafunan nan ne don su riƙa hawa da sauka. Ta fito tana tsaye ƙerere, 'yan tasha suka tafa, ta daina cewa ƙii. Wannan shirun shi ne jinyarta, ba wanda ya gane.

Ranar da abin ya faru, Ismail ne ke tuƙi, Malam Maikano na gefensa. Ƙanwarsu Hapsatu na zaune saman buhuna da 'yarta a goye. A tsakiyar gangarar taya ta faɗa rami, aka ji ƙas sau ɗaya. Wurin waldar ya yage, ya tafi da ƙashin bayanta. Ƙafar baya ta karkace, motar ta yi ta jan gindi gefe-gefe tana nufar kwari, buhuna na zuba ɗaya bayan ɗaya, Hapsatu ta kama ƙarfen bodi da hannu biyu tana salati. Kututturen wata ɗorawa ne ya tare su. Allah ya tsare rayuka.

A nan bakin hanya, a gaban jama'ar da suka taru, Malam Maikano ya gaya wa ƙanensa abin da ya gaya masa. Gaskiya ce, bai janye ba. Hapsatu ta ce, "Yaya, ba wanda ya mutu fa. Kada ka kashe wani da bakinka." Ismail ya ajiye makulli a kan bonet ya bi hanya a ƙasa. An ce yana gidan surukansa a Gwaram. Ba ya ɗaukar waya.

Marigayiyar ta bar taya uku masu rai, da jak, da batir, da riɗin da mata suka tsince daga cikin yashi. Ta kuma bar magada biyu da ba sa magana.

Za a yi jana'izarta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Masu sayen tsohon ƙarfe za su zo da sikelinsu ƙofar gida, inda tarakta ta jawo ta. Ba a buƙatar zaman makoki, kuma direbobin tasha su riƙe ta'aziyyarsu. Sai dai a sani, Malam Maikano ba zai bari a sa mata guduma ba sai magada sun cika. In Ismail bai zo ba, za a sallami masu sikeli, a rufa mata tamfol, a jira wata Juma'ar. Duk wanda ya gan shi ya gaya masa: ba a ce ya zo ya ba da haƙuri ba. An ce ya zo ya tsaya kusa da yayansa.