Biko da Farar Riga

"...Lafiya ƙalau, uwargida. Ya ƙafar?"

"Wadda ka so karyawa? Tana gaishe ka."

Iya Atika ba ta ko ɗago kai ba, tana juye kunun gyaɗa cikin kula a ƙofar gidansu da ke Zawaciki. Shekara ashirin ke nan tana sayar wa ma'aikatan masana'antun Challawa kunu a bakin get, lokacin da 'yan aikin safe ke shiga. Da, mijinta ne ke kai ta a keke. Da ya rasu, jikanta Labaran mai aiki a kamfanin jima ya gaji kaiwar a kan babur ɗinsa, ya kuma ci gaba da amsa sunan "maigida" da kaka kan kira jikanta da shi. Sai wata biyu da suka wuce babur ya faɗa rami, birki ya ƙi ci, aka kwashi Iya da kularta a ƙasa gaban ma'aikata. Tun ranar ta ce ta yi yaji, ta koma hawa adaidaita sahun maƙwabcinsu Habila.

Yau Labaran ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya wanke babur har tayoyi.

"Biko na zo."

"Da wannan akwalar?"

"Akwala? Buɗe idon, in da saura. Dubi ƙafafun gaba: shokazoba sababbi, masu kauri, jiya aka ɗaura min a Sharada. Ga birki mai faranti, da mai yake aiki. An yar da wancan mai wayar."

"Wanda kake taya shi da takalmi? Silifa nawa hanyar nan ta ci maka?"

Ya kama ƙahon babur ya danna da ƙarfinsa. Gaban ya nutse a hankali, ya taso a hankali, ba ƙara ba girgiza. Yini biyu ya yi a tsaye kan bakanike don wannan lumshewar, kuma ya so a ce ta gani.

Ta gani. Ta taɓe baki.

"To, na ga gaba. Ni a gaba nake zama?"

"A'a."

"Wato ka gyara inda kake, ka bar inda nake. Habila! Zo ka ga halin maza!"

Habila ya kashe adaidaita ya leƙo yana dariya. "Ina kwana, Mama. Labaran, ni fa ba ruwana, amana aka ba ni."

"Gaba ce ke fara shiga rami, tsohuwa," in ji Labaran. "In ta shanye, me zai iso gare ki? Ke ɗin ma nawa kike? Tsintsiya ta fi ki nauyi. Ranar nan iska ce ta ɗauke ki, aka ɗora wa birkina laifi."

"Ji ja'iri! Warin fatar da ke jikinka ne ya sumar da ni."

"Warin da 'yan mata ke layi a kansa? In ba ki dawo ba, wallahi akwai masu haƙori talatin da biyu suna jira."

"Su hau mana, ai suna da haƙoran zubarwa. Ni kakanka shekara goma sha biyar yana goya ni a keke, ko ɗigo bai taɓa zubar min ba."

Wannan ta shige shi. Tun ranar faɗuwar abin da ke ci masa rai ke nan: aikin da tsoho ya yi da keke mai tsatsa, shi ya kasa da inji.

"Gwada ni," ya ce. Wannan karon babu wasa a muryar.

Iya ta ɗauko kwano ta cika shi da kunu har baki.

"Ba murfi. A bayan farar rigar nan zan riƙe shi. Ɗigo ɗaya, ka haƙura da ni har abada. Habila, ɗauki kula ka biyo mu, kai ne shaida."

Suka ɗauki hanya. Labaran ya miƙe baya kamar an sa masa sanda, yana jin ɗumin kwanon a tsakanin kafaɗunsa. Da suka iso ramin da tireloli suka haƙa, wanda ya kunyata shi, sai ya rage gudu ya shiga. Gaban babur ya haɗiye ramin shiru.

"Kina raye?"

Ya sake tsokanarta:

"Uwargida, ko iska ta sake ɗauke ki?"

Sai ta mintsine shi a haƙarƙari.

Daf da get wani mai amalanke ya fito daga bayan tirela da lodin fatu, bai duba ko'ina ba. Da tsohon birki ne, da sai salati. Labaran ya sa yatsu biyu kawai, kamar yadda bakanike ya ja masa kunne. Babur ya tsaya cak, saura taku guda.

Ma'aikatan da ke jiran kunu suka yi caa. Ya sauke Iya, ya juya musu baya yana buɗa hannu.

"Jama'a, ku duba! Habila, akwai ɗigo?"

"Fara tas," in ji Habila, yana riƙe ciki. "Amma duba kwanon."

Kwanon saura rabi. Ga kunu kuma a leɓen Iya.

"Tsohuwa! Shanyewa kika yi?"

"Na ga zai huce."

"Ƙarya! Tsoro kika ji kar ya zube ki rasa miji."

"Ni? Rigar na tausaya wa, aro ce."

"Tun daga ina ta fara sha, Habila?"

"Tun kafin rami. Har cikin ramin kwano na bakinta."

Labaran ya dafa ƙahon babur, ƙirjinsa ya cika. "Kun ji ko? Tsohuwa mai haƙori huɗu ta sha kunu a cikin ramin nan, ba ta ƙware ba, kwano bai fasa mata baki ba. Ko kakana ya taɓa yin wannan?"

Dariya ta ƙwace wa Iya har ta dafa gwiwar da ta ji ciwo. Ta goge leɓe da gefen mayafi ta miƙa masa kwanon.

"Ungo, shanye sauran, ɗan nema. Habila, gobe ka yi barcinka. Maigidana ya zo biko."